Yadda Ake Zaɓen Fentin Da Ya Dace Da Samfurin Kan Jirgin Ƙasa Mai Kwal

Kwanakin baya wani yaro ɗan maƙwabtanmu a nan Agege ya shigo mini da ɗan kan jirgin ƙasa na roba, irin mai hayaƙin nan na zamanin kwal, wanda ya tsinta a cikin kayan gwanjo. Ya riga ya shafe shi tas da ragowar koren fentin ƙofar gidansu. Ya ajiye shi kusa da nawa a kan tebur, ya yi shiru yana kallo, can ya ce, "Kawu, me ya sa naka ya yi kama da na gaske, nawa kuwa kamar na wasan yara?"

Hannunsa ba shi da laifi, shafar ta kwanta lafiya. Tun kafin ya ɗauki buroshi aikin ya karkace, domin ya zaɓi launin da ya burge idonsa ne, alhali launin jirgi bincikensa ake yi: wane jirgi, a wace shekara, kuma a wane haske za a riƙa kallonsa. Na daɗe ina wannan aiki, tun daga motar langa-langa ta ƙuruciya har zuwa samfuran da ke gudu a kan ɗan dogo da lantarki, kuma abin da na zauna na koya wa yaron nan shi zan shimfiɗa a nan.

Kayan da za ka tanada

- Hotunan jirgin da kake kwaikwaya, aƙalla uku, daga ɓangarori daban-daban.
- Ƙaramin littafin rubutu da biro. Kada ka raina wannan, za ka ga amfaninsa a gaba.
- Fararen cokulan roba, irin waɗanda masu abinci ke bayarwa, kamar dozin biyu.
- Sirinji mara allura mai cin mililita 2 ko 5, da tsinken sakace, da marafen kwalba don haɗa fenti.
- Buroshi mai laushi guda biyu: mai faɗi don jiki, da siriri mai lamba 0 ko 00 don lungu-lungu.
- Fentin shimfiɗa, wanda masu fentin mota ke kira faraima, mai ruwan toka. In ka samu fari da ja-ja mai kalar tsatsa, haɗa da su.
- Babban launin jirgin, sannan baƙi, fari, ruwan toka, ja, rawaya da ruwan ƙasa.
- Abin sirka fentin, wanda ya dace da irin fentin da ka saya.
- Salatif na takarda, sabulun wanke-wanke na ruwa, da tsohon buroshin haƙori.
- Roba mai murfi da jirgin zai shiga ya saki jiki, don tsare shi daga ƙura yayin bushewa.
- Fensir mai laushi, 2B ko sama, da alli mai launi irin na masu zane.
- Takunkumin hanci, in za ka yi feshi.

Mataki na 1: Tsayar da jirgi ɗaya da shekara ɗaya

Nan ne aikin yake, sauran duk biyo baya ne. Kan jirgi yakan yi shekara talatin ko arba'in yana aiki, kuma duk sa'ad da ya shiga babban gyara ko ya sauya kamfani sai a sake masa riga. Saboda haka tambayar "mene ne launin jirgi kaza" ba ta da amsa sai an ce "a wace shekara".

Ɗauki shahararren jirgin nan na Ingila, Flying Scotsman, wanda samfurinsa ya yi yawo sosai a duniya, har cikin gwanjon Legas. An ƙera shi a Doncaster a 1923. A hannun LNER, ɗaya daga cikin kamfanonin jiragen ƙasa na Ingila a lokacin, ya sa kore mai haske, kalar ɗanyen tuffa, da lamba 4472. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka mayar da shi baƙi. Bayan gwamnati ta haɗe kamfanonin jiragen ƙasar a 1948 ya zama 60103, ya ɗan sa shuɗi na wani lokaci, sannan ya koma kore mai duhu. Faffaɗan ƙarafan nan biyu da ke gefen gabansa, masu ɗaga hayaƙi sama don kada ya rufe wa direba ido, sai 1961 aka sa masa su. Ke nan in samfurinka yana da waɗannan ƙarafa kuma zamanin aikinsa kake son nunawa, kore mai duhu da 60103 ne naka. Jikin samfurin da kansa yana gaya maka shekararsa: dubi bututun hayaƙi, guda ne ko tagwaye, dubi taragon kwal da ruwa da ke bayansa, dubi tambarin da ke jikin taragon, don na gwamnatin Ingila ma an sauya shi a 1956.

Haka Mallard, wani jirgin na LNER mai lamba 4468, wanda ya kafa tarihin gudun mil 126 a awa ranar 3 ga Yuli, 1938. A ranar shuɗi yake sanye da shi, ƙafafunsa kuma ja mai duhu. Wanda ya yi masa baƙaƙen ƙafafu ya ce yana nuna wannan rana ya kauce.

Na Jamus sun fi sauƙi: sama baƙi wuluk, ƙafafu da gindin da ke ɗauke da su ja. Dalilin da aka fi bayarwa shi ne, in ƙarfe ya tsage, baƙin mai yakan cika tsagar, sai mai dubawa ya hango ta a kan ja.

Mu da zuciyarmu ke kan jirgin gida kuwa, aikinmu ya fi nauyi kuma ya fi daɗi. Dogon da ya tashi daga Ikko ya isa Ibadan a 1901, jirgi ya shiga Kano a 1911, kuma kwal ɗin Inugu ne ya ciyar da waɗannan injuna shekara da shekaru suna jigilar gyaɗa da auduga da fatu zuwa gaɓar teku, suna komawa da goro da gishiri. Daga 1948 aka fara kawo rukunin da aka raɗa wa sunayen koguna, masu tsarin ƙafa 2-8-2 (ƙananan ƙafafu biyu a gaba, manya takwas a tsakiya, biyu a baya), waɗanda masana'antar Vulcan Foundry ta Ingila ta fara ƙerawa. A 1955 sashen reluwe ya zama hukuma mai zaman kanta, kuma a wannan tsakanin ne dizal ya fara shigowa. Duk waɗannan shekaru suna shafar rubutun da ke jikin jirgi da kuma yadda ake kula da tsabtarsa. Irin wannan samfuri yawanci sai dai mutum ya gyara wani ko ya ƙera daga tushe. Faɗin tsohon dogonmu milimita 1,067 ne, don haka a ma'aunin 1:87, wato samfurin da jirgin gaske ya ninka girmansa sau 87, ɗan dogo mai milimita 12 ya fi kusa da shi.

Rubuta a shafin farko na littafinka: sunan jirgi ko rukuninsa, lambarsa, shekara. Kada ka sayi fenti ko gwangwani ɗaya kafin ka cike waɗannan uku.

Mataki na 2: Tara shaida, ka kuma san wadda za ka gaskata

Ba kowane hoto ne shaida ba, kuma a nan ne na fi ganin mutane suna faɗawa rami.

Tsofaffin hotuna marasa launi na farkon ƙarni na 20 an ɗauke su da fim ɗin da ba ya ganin ja. Duk abin da yake ja sai ya fito baƙi, shuɗi kuma ya fito fari-fari. Za ka ga jirgi baƙi ƙirin a hoto alhali jikinsa ruwan hanta ne. Irin waɗannan hotuna suna da amfani wajen nuna inda layukan ado suka bi da inda rubutu ya zauna, amma ba su isa su yanke hukunci kan launi ba.

Akwai kuma hoton masana'anta. Da sun gama sabon jirgi, maƙera sukan shafe shi da ruwan toka mara sheƙi don kowane ƙusa ya fito a hoto, daga baya a yi masa launinsa na aiki. In ka ga jirgi sabo fil, shi kaɗai, bayansa fari fat an goge komai, to rigar ɗaukar hoto ce, ba rigar aikinsa ba.

Hotuna masu launi na shekarun 1950 zuwa 1970 su ne dukiya, sai dai wasunsu sun rine da tsufa, sun karkata zuwa ja ko shuɗi. Yadda za ka gane: dubi wani abu a hoton da ka san launinsa, kamar sararin sama, farar rigar wani, ko ciyawa. In farar riga ta koma ruwan hoda, to jirgin ma ya karkata daidai haka.

Waɗanda nake roƙonka ka guje musu gaba ɗaya su ne tsofaffin hotunan da ake rina wa launi da kwamfuta ana yaɗawa a Facebook. Manhajar cinta take yi. Ba ta taɓa ganin jirgin ba.

Gani ya kori ji. Mu mazauna Legas muna da gata, don a harabar reluwe da ke Ebute Metta akwai gidan tarihi na Jaekel House, ginin 1898, inda aka adana tsofaffin hotuna da kayan aikin reluwe. Ka ware rana ka je, ka nemi izini kafin ka ɗauki hoto. In ka samu kusantar tsohon ƙarfen jirgi a ko'ina, kada ka dubi inda rana da ruwan sama suka daka. Leƙa ƙarƙashin rufin ɗakin direba, bayan matakala, cikin lungun da hannu ba ya kaiwa. A nan asalin launi ke ɓuya. Ka tuna kuma jirgin da aka ajiye don kallo mai yiwuwa an sha sake masa fenti bayan ya daina aiki.

Sai tsofaffin ma'aikatan reluwe. In Allah ya haɗa ka da wanda ya yi direba ko ya zuba kwal, ka durƙusa ka gaishe shi, ka zauna. Kada ka ce, "Baba, wane irin kore ne?", don ido ba ya riƙe ainihin launi shekara hamsin. Tambaye shi abin da hannu ya sani: ina ake gogewa kullum, ina ba a taɓawa, ina mai ke tsiyaya, yaya jirgi ke dawowa daga Arewa da rani. Amsoshin nan babu littafin da zai ba ka su.

Mataki na 3: Rarraba jirgin gida-gida

Kan jirgi ba launi ɗaya ba ne ko da kuwa baƙi ne. Zana shi a littafinka, ka sa wa kowane sashe nasa.

Tukunyar ruwa, wato doguwar gangar nan, an naɗe ta da abin tare zafi sannan aka rufe da falle, shi ya sa fentinta ke daɗewa da sheƙi. Nan ne babban launi ke zama, tare da ɗakin direba da taragon kwal. Amma goshin gangar, inda hayaƙi ke taruwa kafin ya fita ta bututu, yawanci ba shi da wannan rufi. Zafi na cin fentin wurin, don haka kullum a dushe yake, baƙi mai toka-toka. A Amurka ma da yawa garin fensir da mai suke shafa masa, ya fito kamar azurfa mai duhu. Wanda ya yi wa goshi da tukunya baƙi iri ɗaya ya kashe rabin kamannin jirgin.

Ƙarfen da ya gitta gaba, inda maƙalar tarago take, ja ne a al'adar Ingila. Sandunan da ke haɗa ƙafafu ƙarfe ne tsirara mai jiƙe da mai, ba azurfa mai ƙyalli ba. Usur da wasu bawuloli tagulla ne, wasu bututan kuma jan ƙarfe. Rufin ɗakin direba da saman tukunya kunkunniya ta rufe su.

Mataki na 4: Nemo fentin

In kana da hanyar saye daga waje, akwai kamfanonin Ingila irin su Phoenix Precision da Railmatch da ke haɗa fenti da sunan kamfanin jirgi da zamaninsa. Wannan shi ne mafi sauƙi. Sai dai fenti mai mai yana kama wuta, jiragen sama ba sa son ɗaukarsa, don haka mai ruwa, wato akirilik, ya fi saurin isowa.

Na gama-gari kuwa, ga lambobin da nake aiki da su. A Humbrol: 33 baƙi mara sheƙi, 85 baƙi mai ɗan sheƙi, 60 ja don ƙarfen gaba, 20 ruwan hanta, 54 tagulla, 12 jan ƙarfe, 53 ƙarfe mai duhu, 113 tsatsa. A Tamiya: XF-1 baƙi, XF-69 baƙi mai sassauci wanda na fi so a goshin jirgi, XF-64 ruwan ƙasa mai ja, sai X-20A na sirkawa. Hattara da suna a jikin gwangwani. Humbrol lamba 3 sunansa Brunswick Green, kuma haka mutane ke kiran koren jiragen gwamnatin Ingila, amma suna ɗaya ba ya nufin launi ɗaya. Da yawan masu wannan aiki sun fi kwatanta wancan kore da lamba 224 a jadawalin launuka na Ingila mai suna BS 381C. Na Jamus kuwa lambobinsu a fili suke a jadawalin launukansu na RAL: baƙi RAL 9005, ja RAL 3000 ko RAL 3002 gwargwadon zamani.

Amfanin lamba shi ne ba ta sauyawa daga waya zuwa waya. Kada ka taɓa zaɓen launi daga gilashin waya. Buɗe hoto ɗaya a wayoyi biyu ka jera su, za ka ga kore biyu.

In babu hanyar waje, Legas ba ta rasa komai ba. Hanya ta farko ita ce shagunan kayan zane da ke kewayen kwalejin fasaha ta Yaba, inda za ka samu akirilik na masu zane a cikin tub. Yana da kauri, sai an sirka shi sosai, kuma ba ya kama roba sai a kan faraima, amma yana haɗuwa yadda kake so. Kore mai duhu: fara da kore, ka riƙa ɗiga baƙi, sannan ɗan rawaya don kada ya karkata zuwa shuɗi. Ruwan hanta: ja da ɗan ruwan ƙasa da ɗigon shuɗi kaɗan ƙwarai. Galibi mai duhu ake ɗigawa cikin mai haske.

Hanya ta biyu ita ce masu haɗa fentin mota, irin na wajen Ladipo. Idonsu ya goge, in ka kai musu lamba ko abin kwatance za su haɗa maka. Amma ga gargaɗin da na saya da tsada: tinar fentin mota, wato abin sirka shi, tana cin robar samfuri. Na taɓa fesa irin wannan fenti kai tsaye a kan taragon da na yi wata guda ina gyarawa, kafin in ajiye abin feshin fuskar robar ta yamutse kamar fatar lemo, ƙananan ƙusoshin da aka zana a jiki duk suka narke. Har yau ina jin zafin abin. Fentin mota sai a jirgin ƙarfe ko na tagulla. Mai haɗi biyu kuwa, wanda ake zuba wa maganin taurara, bar shi a garejin, tururinsa guba ne ga huhu kuma takunkumin gida ba ya tare shi.

Mataki na 5: Gwajin cokali

Fenti a cikin kwalba daban, a jiƙe daban, a bushe daban. Kada jirginka ya zama wurin gwaji.

Shafa wa bayan cokula shida faraima, biyu ruwan toka, biyu fari, biyu ja-ja. Bayan sun bushe ka shafa musu launin da ka haɗa, shafa biyu. Za ka yi mamakin yadda fenti ɗaya ke fita kala uku. Ja da rawaya ba sa rufe abin da ke ƙarƙashinsu sosai, saboda haka ruwan hanta ya fi zurfi a kan faraima ja-ja, jan ƙarfen gaba kuma ya fi haske a kan fari. Kore da baƙi ruwan toka ya ishe su. An zaɓi cokali ne don bayansa a lanƙwashe yake kamar tukunyar jirgi, yana nuna maka yadda haske zai zame a kai. Ƙari kuma, in fentin mai cin roba ne, cokalin naira kaɗan zai tona asirinsa.

Auna kowane haɗi da sirinji ko da ƙidayar ɗigo, ka rubuta a hannun cokalin da kuma littafi: kore 10, baƙi 2, rawaya 1. Ranar da fenti ya ƙare maka a tsakiyar taragon kwal, wannan rubutu ne kaɗai zai sa gaba da baya su zama jirgi ɗaya. Gara ma ka haɗa fiye da buƙata tun farko ka rufe a kwalba.

Bar cokulan su kwana. Washegari ka duba su sau biyu: a inuwa da hantsi, ba cikin tsakar rana ba, sannan da dare a ƙarƙashin ƙwan ɗakin da jirgin zai zauna. Farin ƙwai mai 6500K yana jan kore zuwa shuɗi, mai ruwan ɗorawa na 2700K kuma yana jan sa zuwa ruwan ƙasa. Launi biyu za su iya yin daidai da rana su saɓa da dare. In sun saɓa, bi hasken ɗakin, don a nan za a riƙa kallonsa.

In kana da abin kwatance na gaske, kai cokalin wurinsa, ka ɗora a jikinsa ka ɗauki su biyun a hoto ɗaya. Ko wayar ta yi ƙarya, ƙarya ɗaya za ta yi musu.

Mataki na 6: Sassauta launin daidai girman samfurin

Wannan shi ne ilimin da sabon shiga bai cika sani ba. Samfuri mai ma'aunin 1:76 da kake kallo daga nisan mita ɗaya daidai yake da jirgin gaske daga nisan mita 76. Tsaya a gadar masu tafiya da ƙafa ka hango baƙar mota daga irin wannan nisa: ba baƙa wuluk za ka gan ta ba, iska da ƙura sun ɗan kwantar da launin. Shi ya sa ainihin fentin jirgin gaske, in aka shafa shi a kan ƙaramin samfuri, yake fitowa da duhu da nauyi fiye da kima.

Ni a baƙi nakan sa ɗigon ruwan toka ɗaya ko biyu cikin goma, wani lokaci da ɗan ruwan ƙasa. Baƙi tsantsa yana haɗiye duk ƙananan sassan da ka wahala a kansu. A kore, ruwan toka mai haske ɗaya cikin goma ya isa. Ja kuwa kada ka kusance shi da fari, zai koma ruwan hoda, ɗan rawaya ake sa masa. Iya ƙanƙantar samfuri iya yawan sassauci: na 1:160 ya fi na 1:43 buƙata nesa ba kusa ba. Sake gwajin cokali bayan kowane sauyi.

Mataki na 7: Wanka, shimfiɗa da shafawa

Cire gangar jikin daga kan injin. Wanke ta da sabulun wanke-wanke da buroshin haƙori, ka ɗauraye, ka bar ta ta bushe sarai, daga nan kada ka sake taɓa ta da yatsa tsirara. Rufe tagogi da salatif. Bakin ƙafafun da ke taka dogo da ƙananan ƙarafan da ke ɗebo lantarki daga gare su, fenti kada ya kusance su, in ba haka ba jirgin ba zai motsa ba.

Girgiza gwangwanin faraima minti biyu cikakku, ka fesa daga nisan santimita 20 zuwa 30, a waje ko bakin taga, hannu na tafiya ba tsayawa. Jirgin tagulla yana son faraima ta musamman mai kama ƙarfe. Sannan launi: shafa uku sirara sun fi ɗaya mai kauri, kuma ta farko dole ta yi kamar ba ta rufe ba. Kada wannan ya tsorata ka har ka ƙara lafta.

Yanayin Legas yana da nasa hukunci. Da damina, musamman Yuni da Yuli, laima takan sa fentin feshi ya yi fari-fari kamar an hura masa numfashi. Jira ranar da rana ta fito, tsakanin hantsi da azahar. Fenti mai mai da aka rubuta zai bushe cikin awa shida, a nan ba shi kwana guda kafin shafa ta gaba. Da hunturu kuma fenti na bushewa da kyau amma ƙura ce abokiyar gaba, don haka da ka ajiye buroshi ka kifa masa robar nan. Kada ka shanya shi a rana ko kusa da janareta, roba za ta lanƙwashe.

Kada kuma ka ɗora fenti mai tina mai ƙarfi a kan mai mai ko akirilik, zai tayar da na ƙasa.

Mataki na 8: Sheƙi da alamun aiki

Launi ɗaya in ya yi sheƙi yakan ƙara duhu, in ya dushe ya ƙara haske, saboda haka banish ɗin da za ka rufe da shi, wato shafar ƙarshe mara launi, shi ma sai ya bi ta kan cokali. Lambobi da tambura na manne suna son fuska mai santsi: shafa banish mai sheƙi a wurin, manna su, sannan ka rufe duka da mai matsakaicin sheƙi. Sheƙi sosai a ƙaramin samfuri shi ne ke mayar da shi abin wasan yara, kuma shi ne rabin abin da ya damu yaron maƙwabtanmu. Goshi, rufi da ƙarƙashi su kasance a dushe.

Daga nan sai abin da tsofaffin ma'aikata suka gaya maka. Kankare alli ya zama gari, ka ɗiba da busasshen buroshi: baƙi a saman tukunya daga bututu zuwa baya, ruwan ƙasa da tsatsa a ƙafafu da wajen zubar toka, ɗan siririn fari yana gangarowa daga inda tururi ke tsira, don ruwa na barin farin gishiri. Jirgin da ya keto daga Kano ya bi ta Zariya da Minna da rani, jar ƙurar hanya za ta kwanta masa a ƙasa-ƙasa, kuma wannan ja-jan ne zai bambanta naka da jirgin Turai. Goga garin fensir da yatsa a sanduna da gefen matakala, za su yi ƙyallin ƙarfen da hannu da takalmi suka sha gogewa. A taragon kwal, daka gawayi ka tankaɗe, ka zuba a kan farin gam na kafinta da aka sirka da ruwa.

Yi gefe ɗaya tukuna, ka ja da baya mita guda ka kwatanta da hotonka kafin ka taɓa ɗaya gefen. Alli yana fita da jiƙaƙƙiyar auduga muddin ba ka rufe shi da banish ba. In kuwa launin gaba ɗaya ne bai yi ba kuma akirilik ne, nemi sinadarin isofurofil da masu gyaran waya na Ikeja ke wanke allon waya da shi, gwada shi a cikin gangar inda ba a gani, in robar ba ta yi komai ba ka jiƙa jikin na ɗan lokaci, ka goge da buroshin haƙori, ka koma mataki na 5.